Abin da Ya Hana Husaina Cin Abinci a Paraku

Tun da na dawo daga ƙasar Benin ban huta da tambaya ba. Malaman makarantarmu su tare ni a ofis, matan unguwa su tare ni a gidan suna, kowa da tasa: yaya ƙasar take, me suke ci, da gaske ne mata ke tuƙa babur a can, ya jikin Husaina. Na yi ta ba da labarin guntu-guntu har na fara rikita farkonsa da ƙarshensa. Shi ya sa na ce bari in zauna in jera shi yadda ya faru, duk mai tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce Hassana, ina koyarwa a firamare a nan Kurgu. Ni da Husaina tagwaye ne, irin masu kamar da ko dangi sai sun ji murya suke rabewa. Ita ta auri Malam Isiyaka, wani Badendi ɗan garin Kandi da ke zuwa sayen albasa wajenmu, ya tafi da ita can. Takan zo gida biki ko gaisuwa, ni kuwa ban taɓa taka ƙasarsu ba. Kullum ina cewa sai an yi hutu.

Bayan girbin kaka Husaina ta fara ciwo. Kasala, zazzaɓin da ba ya jin magani, dasashi yana zubar da jini. Aka kai ta wani asibiti a Paraku, can kudu da Kandi, aka ce kansar jini ce. Muna cikin wannan juyayi sai Malam Isiyaka ya kira ni a waya.

Ya ce, "Yaya, ta daina cin abinci. Ruwa kawai take sha. Na tambaye ta, likita ta tambaye ta, ba ta faɗa wa kowa dalili ba."

Kafin magariba maganar ta zagaye gidanmu. Wasu suka ce dangin miji sun gaji da jinya, baƙin ciki ne ya hana ta ci. Inna ta ɗaure mini gero da garin kuka da daddawa a buhu, ta ce, "Ki tai ki gano min ɗiyata. In kin iske babu kulawa, ki taho min da ita, ta mutu gabana ya fi." Ban faɗa mata nawa tsoron ba. Tun ranar da aka ambaci sunan ciwon, kowace safiya sai na buɗe baki gaban madubi na duba dasashina. Jininmu ɗaya, me zai hana abin da ya same ta ya same ni?

Maigidana ya haɗa ni da Gwaggo Kulu, wata dattijuwa mai fataucin busasshen kifi wadda ta san hanyar Kandi kamar tsakar gidanta. Muka hau babur zuwa Bagudo, muka shiga mota, muka haye Neja ta gadar Tuga, muka bi ta Ka'oje. Kwandunan kifinta suna saman mota amma warinsu yana zaune tare da mu a ciki. Wani bawan Allah da ke gefena ya toshe hanci da hula, Gwaggo ta dube shi ta ce, "Toshe da kyau, ɗana, in an sa shi a miya kai ne mai neman ƙari." Duk inda aka tsaya ta san wani. Nan ta tambayi jikin matar mai shayi, can ta yi wa mai faci faɗa don bai kai ɗansa makaranta ba. Ni dai ina ƙudundune da buhuna, ina ta kiran lambar Husaina ba ta ɗauka.

A zuciyata iyaka wata katanga ce mai ƙofar ƙarfe. Da muka isa Tsamiya sai na ga sanda ce a gicciye da rumfa da tuta. Dawar da ke wannan gefe ita ce a wancan. Na ga wani tsoho ya wuce da fartanya a kafaɗa, aka ce mini gidansa na Najeriya, gonarsa na Benin.

A ɓangarensu wani jami'i dogo ya karɓi katin shaidata da na rigakafi, ya duba, sannan ya nuna buhu. Yana kwance bakin ƙullin daddawa ya sunsuna, ya ce da wata Hausa mai tauri, "Wannan ta Najeriya ce. Tamu ta fi ƙamshi."

Gwaggo Kulu ta ce, "Taku? Wadda ake sa wa miya hannu biyu ba a ji ta ba?"

Suka yi ta ja-in-ja ana dariya, har ya juyo ya tambaye ni abin da zai kai ni ƙasarsu. Na faɗa masa. Dariyar ta ɗauke. Ya ɗaure ƙullin da kansa, ya fi yadda Inna ta ɗaure shi, ya fita rana ya tsayar mana da motar Segbana, ya yi wa direba magana da Faransanci. Ban san me ya ce ba, amma kujerar gaba aka ba ni.

A Segbana na fara sanin na bar gida. Allunan shaguna duk Faransanci, burodi dogo kamar taɓarya, mutane na tafe da shi a hammata ba ko leda. Gwaggo ta canza mini kuɗi zuwa sefa. Na je sayen ruwa na rasa wanne zan bayar, sai kawai na buɗe tafin hannuna gaban mai tallar. Ta tsinci nata, ta kama yatsuna ta rufe mini hannu a kan sauran, ta girgiza kai, wato kada in ƙara yin haka a ko'ina.

La'asar sakaliya muka shiga Kandi. Gwaggo ta ajiye kayanta a tasha ta raka ni unguwar su Malam Isiyaka a ƙafa. Mun kusa gidan, akwai wani famfo da mata suka jeru da bokitai. Wata ta ɗago kai ta gan ni, ta saki bokiti.

"Useina!"

Kafin in ankara sun rufe ni. Wannan ta rungume ni, waccan ta kama kumatuna tana jujjuya fuskata, wata ta rangaɗa guɗa. Wata tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin hanya ta bar kasko a wuta ta taho tana ɗingishi, ta kama hannuwana biyu tana kuka tana magana da Dendanci, tana shafa damtsena tana nuna wa sauran yadda na yi ƙiba. Sun ɗauka Husaina ce ta warke ta dawo da ƙafarta.

Ko da a ce ina jin yarensu, ban san ta inda zan fara ba. Gwaggo Kulu ce ta ɗaga murya ta yi musu bayani. Na ga farin cikin yana sauka daga fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, na ji kamar na yi musu sata. Na zaci za su sake ni su koma ga bokitansu. Tsohuwar nan ba ta saki hannuna ba. Ta share hawaye da gefen zane, ta faɗi wata magana, Gwaggo ta fassara mini: "Ta ce ba komai, ko rabin Useina ne suka gani sun gode Allah." Ƙosanta kuwa ya ƙone ƙurmus.

A ɗakin Husaina surukarta ta sauke ni. Na iske shi a share, an shimfiɗa zanen gado, awakinta a ƙoshe, 'ya'yanta tsaf da su. Gaisuwarsu ce ta kusa kayar da ni. A wajenmu ƙarami ke durƙusawa, babba yana zaune. A can, in ka rusuna sai wanda kake gaisarwa shi ma ya rusuna, in ka ƙara ƙasa ya ƙara, ana ta amsa wa juna da 'yar murya a maƙogwaro. Ni da surukar Husaina muka yi ta sauka har gwiwoyina suka yi ƙara, yara suka fashe da dariya. Da gari ya waye kayana sun ninka. Kowace maƙwabciya ta kawo abin da zan kai wa mai jiki: doya, zane, man shanu, har da wata 'yar rediyo. Tun a nan na fara jin kunyar maganganun da aka yi a gidanmu.

Daga Kandi ni kaɗai na ci gaba, a babbar bas. Na karɓi tikiti, na ga kujeru da yawa babu kowa, na ce a raina wannan sai azahar za ta cika. Na tafi neman ruwan alwala hankalina kwance. Ina dawowa na hango ta tana fita daga tasha. Ashe a can lokaci ake bi, ba cika ba. Na kwasa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Wata mata da ke zaune ta taga ta yi ta dukan jikin motar tana yi wa direba ihu har ya tsaya. Da na shiga ina haki ta matsa mini, ta ciro burodinta ta karya biyu ta ba ni rabi. Har muka rabu ban san sunanta ba.

Hanyar kudu manyan motocin auduga ne ke ta wucewa, gefen titi fari fat da abin da iska ta zubar. Mata kuwa da gaske suna tuƙa babur, da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai ko waiwayensu. Inda aka tsaya cin abinci na ci sakwara da miyar gyaɗa da wani cukun Fulani mai jan baya da suke kira wagashi. Na so in ce bai kai tuwon shinkafarmu ba, amma na sauke kwanon tas.

Malam Isiyaka ya tare ni a tashar Paraku. Da ƙyar na gane shi, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Lokacin cinikin albasa ne, ya bar komai ya tare a asibiti, tabarmarsa na ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a filin da masu jinya ke girki da wanki. Ya karɓi kayana yana cewa, "Yaya, sannu da hanya. Wataƙila ke ta ji maganarki."

Kafin a shiga ɗakinsu sai an wanke hannu an rufe hanci da baki, domin masu wannan ciwo ko mura tana iya kayar da su. Na shiga ina duba gadaje, na kai ƙarshe ban gan ta ba. Na juyo zan tambaya sai na ji murya a bayana.

"Hassi. Ni ce kika wuce."

Duk rayuwata in ina son ganin fuskata ba sai na nemi madubi ba. Ran nan na dubi Husaina ban ga kaina ba. Idanu sun faɗa, wuya kamar sillen kara, fatar ta yi fari. Na zauna a bakin gado, muka gaisa kamar baƙi, ta tambayi Inna, ta tambayi yara. Da mijinta ya fita sai na ce, "Usai, mi ya hana ki ci?"

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Ciwon ga abinci yake ci. Likita ta faɗi. Ta ce a wurin da jiki ke dafa abinci ya kafu. Duk lomar da na haɗiye, shi nake ciyarwa. In na hana shi, ai dole ya mutu."

"To don mi ba ki gaya musu ba?"

"Su ɗura min ta hanci? Ina da ɗiya, Hassi. Ba zan zauna ina kiwon abin da zai raba ni da su ba."

Mu a gida muna cewa ta fid da rai. Ashe yaƙi take yi, ita kaɗai, da iyakar makamin da ta ga tana da shi. Kuma in faɗi gaskiya, maganarta ta shige ni. Ni ma na ga kamar akwai hankali a ciki.

Na fita neman likitar. Rana ta take, kuma a ƙasar nan in rana ta take ofisoshi rufewa suke yi, kowa ya tafi cin abinci sai wajen la'asar. Wata ma'aikaciya ta nuna mini wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Na ƙwanƙwasa na shiga. Wata 'yar gajeriyar mata ce, mutuniyar kudu, da furfura kaɗan a goshi da sarƙar gicciye a wuya, ta buɗe kwanon abincinta ke nan. Ita ce Dakta Odil. Ta ɗago ta gan ni, cokali ya tsaya a hannunta, sai kuma ta yi murmushi. Dama an gaya mata majinyaciyarta 'yar tagwaye ce.

Ba ta jin Hausa, ba na jin Faransanci. Muka gwada Turanci, nata na karatu a waje, nawa na aji, muka ga zai kai mu. Na faɗa mata abin da Husaina ta ce. Ta ajiye cokalin, ta dafe kai da hannu biyu. Ta ce ita ce ta yi wa Malam Isiyaka bayani da Faransanci, shi ya juya wa matarsa, kuma ba ta koma ta tambayi abin da ya isa kunnen mai ciwon ba. Ta rufe kwanon ta ture shi gefe. "Zauna," in ji ta. "Zan faɗa miki a hankali, ke kuma ki kai mata da harshenku."

Ga abin da na fahimta. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutun da aka gada daga uwa da uba, wanda ke gaya mata abin da za ta zama. Rubutun iri ɗaya ne a ko'ina a jiki, amma ƙwayar ido ba ta karanta shi yadda ta jini ke karantawa, saboda akwai wasu 'yan alamomi da ake ɗorawa a kansa, su ce karanta nan, tsallake can. Ana sa su, ana goge su, rubutun kansa bai canza ba.

Na ce, "Kamar wasali."

Ta ce mene ne wasali? Na karɓi alƙalaminta na rubuta mata baƙaƙe uku na ajami. Na sa wasali a bisa na farko, na ce wannan "bari". Na goge na sa a ƙasa, na ce yanzu ya zama "biri", na kwaikwayi biri don ta gane. Ta yi dariya har da tafi. Ta ce haka ne, sai dai in riƙe cewa nasu alamomin sun fi yin aikin rufe shafi ko buɗe shi.

Sannan ta zo kan maganar girki. Ta ce kowace ƙwaya tana da ɗan murhunta, inda take sarrafa abin da jini ya kawo mata ta sami ƙarfi. Amma ba ƙarfi kaɗai ke fitowa daga murhun ba. Daga nan ake samun tawadar da ake sa alamomin, daga nan kuma masu goge su ke samun abin aikinsu. A cikin ɓargon Husaina, inda ake ƙera jini, harafi ɗaya ya lalace a ƙwaya ɗaya, harafin da ke kula da wani ma'aikacin murhun. Sun tabbatar da haka ne da suka aika jininta gwaji waje. Wannan ma'aikaci sai ya koma fitar da wani gurɓataccen abu, abin ya taru, ya hana masu gogewa aikinsu. Alamomi suka yi ta taruwa har suka rufe shafukan da ke gaya wa ƙwayar jini ta girma ta kama aiki. Sai ta tsaya a jaririya, tana ta haihuwar jarirai irinta, suka cika ɓargo suka hana lafiyayyun wuri.

Na ce, "To ba abincin ƙasar nan ne ya jawo ba? Ita tana cin doya, ni ina cin shinkafa."

Ta ce a'a. Murhun da take nufi yana cikin ƙwaya, ba tukunyar tsakar gida ba ce. Me ya lalata harafin, ba ta sani ba, kuma ta ce duk wanda ya ce mini ya sani a kan Husaina, ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Wannan "ban sani ba" da ta faɗa kai tsaye ta ƙara mata girma a idona.

Ba ta bar ni na tashi ba sai da na maimaita mata duka da bakina. Inda na karkace ta gyara. Sannan ta miƙe, abincinta na nan a rufe, ta ce mu je.

Ta jawo ɗan benci ta zauna dab da gadon, kanta ƙasa da na Husaina. Ta faɗi magana, in juya, ta jira. Malam Isiyaka na tsaye a ƙofa. Da muka kai ƙarshe Husaina ta ce, "Tambaye ta. In na ci, ba shi zai ci ba?"

Dakta Odil ta ce, "Zai ci ko kin ci ko ba ki ci ba. In kin hana shi ta baki, daga naman jikinki zai ɗiba. Ba shi kike kashewa da yunwa ba, ke ce. Allurar da nake miki aikinta ta hana a ci gaba da lafta alamomin nan, ko shafukan su buɗe. Amma tana da nauyi, sai jiki mai ƙarfi. A yadda kike yanzu ba zan iya yi miki zagaye na gaba ba."

Hawaye suka gangaro wa Husaina zuwa kunne. Can ta ce, "Hassi fa? Zai kama ta?"

Na kasa juya wannan tambaya. Sai da likitar ta taɓa ni sannan na faɗa mata. Ta ce lalacewar ba daga iyaye aka gado ta ba, daga baya ta faru, a jikin Husaina ita kaɗai. Amma za ta duba jinina don hankalinmu ya kwanta.

Malam Isiyaka ya matso ya durƙusa a gefen gadon ya ce da matarsa, "Bakina ne ya jawo miki wannan." Ta ce, "Kai ka faɗi abin da ka ji, ni na ƙara nawa." Daga nan ta juyo gare ni. "Mi Inna ta aiko da shi?"

Na so in dama mata fura, likita ta hana, ta ce babu ɗanyen nono, babu duk abin da bai dahu sosai ba. Na fita filin masu jinya ba ni da ko murhu. Wata mata mai jinyar mijinta, ba ma jin yaren juna, ta ga ina dube-dube, ta sauke tukunyarta da ba ta gama dahuwa ba ta turo mini kurfotinta da gawayi a ciki. Na tuƙa tuwon gero mai laushi, na kaɗa miyar kuka da daddawar Inna. Husaina ta ɗauki loma ta farko kamar mai shan magani. Ta biyu ta tsaya a baki tana juyawa. Ta ce, "Har yau ba ki iya sa gishiri ba." Ba ta ci da yawa ba, amma ta ci. Malam Isiyaka ya fita waje da sauri, na hango shi ta taga ya jingina kai da bishiyar mangwaro.

Jinina ya fito lafiya. Da yake Husaina tana buƙatar ƙarin jini, aka ɗebi nawa aka sa mata. Na zauna ina kallon ledar tana raguwa, leɓunanta suna ɗan yin ja.

Wata rana Dakta Odil ta kira ni ɗakin gwaji ta ce in leƙa ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ta sa gilashin da aka shafa wa jinina: ƙwayoyi iri-iri, manya da ƙanana, kowace da siffarta. Ta sauya da na ɓargon Husaina na ranar da aka kawo ta: wasu manya-manya masu launin shuni, duk kamanninsu ɗaya, cunkushe. Ta ce su ne jariran da suka ƙi girma. Ta ce a wasu ƙasashe akwai ƙwayar magani da ke tsayar da lalataccen ma'aikacin nan kansa, bai iso gare su ba tukuna, tana ta rubuce-rubucen nema. Sannan ta roƙi in ba ta ɗan jinina ta ajiye, domin bincike take yi a kan alamomin nan, kuma samun mutum biyu masu rubutu ɗaya, ɗaya da ciwo ɗaya babu, ba kullum ba ne. Ta ce ba zai warkar da Husaina ba, kada in ɗauka haka, wataƙila dai ya amfani wasu a gaba, kuma in na ƙi ba abin da zai canza. Na shawarci maigidana a waya, na miƙa mata hannu.

Na tambaye ta ko 'yar'uwata za ta tashi. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba. Ciwon mai tsanani ne, wasu yakan lafa musu ya daɗe, wasu ya dawo. Abin da ta sani shi ne yanzu tana da majinyaciyar da za ta iya yi wa magani.

Na zauna har aka yi wa Husaina zagayen allurar, ta fara zama da kanta, ta fara takawa zuwa baranda. Hutuna ya ƙare. Ban ko ɗauko maganar tahowa da ita ba. In kai ta ina, in raba ta da wa?

Komowa ba ta yi wuya ba, na riga na san lokacin bas, na san darajar sefa. Na iso Kurgu da yamma na wuce ɗakin Inna ko mayafi ban cire ba. Ta leƙa bayana, ta ga ni kaɗai ce.

"Ina take?"

"Na baro ta, Inna. Tana hannun mutanen kirki."

Na san bayanin ƙwayoyi da alamomi ba zai shige ta ba a wannan lokaci, sai na kira lambar Husaina na sa wa Inna wayar a kunne. Na ji sallamarta sama-sama, maganar tana fita a cushe. Inna ta yamutsa fuska.

"Ke, mi ke bakinki?"

"Dafaffiyar doya ce, Inna."

"Da girmanki kina yi min magana da abinci a baki?"

Husaina ta ce bari ta ajiye kwanon. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu, ta matse ta a kunne.

"A'a," ta ce. "Kar ki aje. Ci abinki, ina saurare."